Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Turawa Ke Faɗin Rashin Shiri Da Garaje

  Yau za mu taɓa irin maganganun nan da Turawa ke kira idioms, wato salon magana, waɗanda in ka bi kalmominsu ɗaya bayan ɗaya sai su kai ka daji. Na zaɓo waɗanda suka shafi rashin shiri da garaje. Amma bari in fara da tona asirin kaina tukunna.

Shekarun baya, bayan na gama NCE, wata makarantar kuɗi a cikin birnin Kano ta kira ni intabiyu, suna neman malamin Turanci. Sati biyu suka ba ni. Ni kuwa ina gida Minjibir, kullum sai in ce gobe zan buɗe littafi. Saura kwana biyu, cikin dare, sai ga ruwan shuka kamar da bakin ƙwarya. Ana ɗaukewa Baba ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Gobe da asuba kowa gona."

Na ce, "Baba, jibi fa ina da intabiyu a birni."

Ya ce, "To, ai gobe ba jibi ba ce."

Duk ɗan ƙauye ya san ba a jayayya da ruwan shuka. Muka wuni, wasu na sara da sungumi, wasu na bi suna zuba gero suna takewa. Na dawo jiki ya yi tsami, ko takarda ɗaya ban duba ba na ɓingire. Washegari na hau motar haya sai birni.

Mutum uku na tarar a ɗakin. Bayan gaisuwa sai suka miƙo mini alli, wai in koyar da su darasi na minti goma kamar su ne ɗalibai. Ban san da wannan ba. Na fara kame-kame, alli ya suɓuce mini har sau biyu. Can sai wata mata daga cikinsu ta dube ni ta ce, "Did you prepare for this, or are you just winging it?"

Jama'a, ni "winning" kunnena ya ji. Na ɗauka yaba mini take, wai ina cin nasara. Na washe baki na ce, "Yes ma, that is exactly what I am doing."

Suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Sai a mota, ina hanyar komawa, na duba ƙamus ɗin wayata. Ashe tambayata ta yi, ka shirya kuwa ko shaci-faɗi kake mana? Ni kuma da bakina na amsa cewa e, shaci-faɗin nake. Aikin dai ban samu ba.

Abin da na koya ranar shi nake so mu ɗauka yau. Sanin ma'anar salon magana rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin nauyinsa: wa yake ɗora wa laifi? Wani yana wanke ka, wani yana kama ka, wani kuma zagi ne in ka jefi mutum da shi. Saboda haka kashi uku za mu yi musu.

Kashi na farko: an shammace ka

Na ɗaya shi ne "caught off guard". Fassararsa mafi kusa a Hausa ita ce an shammace ni. "Guard" a nan kariya ce irin ta masu dambe da masu wasan takobi. Ku tuna ɗan dambe: hannu ɗaya a ɗaure, ɗayan yana gaba yana kare kansa da shi. Ya ɗan sauke hannun kariyar nan, sai ya ji saukar naushi. Shi kenan, an same shi "off guard". Za ka iya cewa "I was caught off guard", ko ka juya ka ce "The question caught me off guard", tambayar ta shammace ni. Wannan ba shi da nauyi sosai. Kowa ana iya shammatarsa, don haka ba abin kunya ba ne ka faɗa wa na gaba da kai. Da na san shi ranar nan, da cewa zan yi, "This caught me off guard, ma. May I have five minutes?" Ko ban samu aikin ba, da na fito da mutuncina.

Na biyu, "caught flat-footed". Masu zuwa gidan kallon ƙwallo kun sha jin masu sharhi na faɗinsa. Ɗan baya ya tsaya ƙafafunsa a shimfiɗe a ƙasa maimakon ya ɗan ɗage a kan yatsu yana jiran motsi, kafin ya juya ɗan gaba ya wuce shi. Ma'anarsa abu ya zo, kai kuma ba ka cikin halin da za ka motsa da wuri. Misali daga nan gida: mai noman rani a bakin dam ɗin Wasai ya kai tumatur kasuwa, ya tarar farashi ya faɗi warwas, ba shi da wurin shanya, ba shi da wani mai saye na daban. "The fall in price caught him flat-footed." Ya ɗan fi na farko nauyi, domin akwai ƙamshin cewa da ka yi tanadi da abin bai kai haka ba.

Na uku, "off the cuff". Shi wannan ma yabo ne a wasu lokuta. "Cuff" shi ne bakin hannun riga. Ana danganta shi da masu jawabi na da, waɗanda kan rubuta ɗan abin tuni a bakin hannun rigarsu maimakon su zo da takarda. Ma'anarsa yin magana da ka, nan take. Kun ga dattijon da ake cewa ya yi wa taro nasiha a wurin ɗaurin aure, ya miƙe ba takarda ba komai ya zuba magana mai ma'ana? "He spoke off the cuff." Ba wanda ya zage shi.

Kafin mu wuce, ku kula da wani tarko. Yawancinmu muna haɗa waɗannan da "caught red-handed". Ba dangi ba ne ko kaɗan. "Red-handed" kamawa ce dumu-dumu, hannu a cikin laifi, kamar ɓarawon akuya da igiya a hannu. Ka ce wa malami "I was caught red-handed in the exam" kana nufin tambayoyin sun zo maka ba-zata, to ka shaida masa da bakinka cewa satar amsa aka kama ka kana yi.

Kashi na biyu: kai ka yi sakaci

Nan ne "wing it" yake, wanda ya kayar da ni. Mutane da yawa na zaton daga fiffiken tsuntsu ya samo asali. A'a, daga gidan wasan kwaikwayo ne, tun ƙarni na 19. Gefe biyu na dandamali, inda 'yan wasa ke laɓewa kafin su fito, su ake kira "wings". Ɗan wasan da bai haddace maganarsa ba, a nan yake tsayawa yana leƙen takarda a gurguje, ko a riƙa raɗa masa daga can. Saboda haka "wing it" na nufin ka shiga abu ba shiri, kana yi kana laluben hanya. Tsakanin abokai ba komai: "I didn't read, I'll just wing it." Amma a gaban mai ɗaukar aiki ko malamin da ke duba furojet ɗinka, kada ka kuskura. Bambancinsa da "off the cuff" shi ne, mai "off the cuff" ya san abin, takarda ce kawai babu. Mai "wing it" kuwa ilimin ne da sauransa.

Sai "caught napping", an same ka kana gyangyaɗi. Manoman wajenmu sun fi kowa sanin wannan. Tun da rani za ka ga mutum yana kai taki gona, mangala bayan mangala a kan jaki, ya ware iri, ya kai sungumi da garma wurin maƙeri. Wani ma ya yi binne, ya zuba geronsa a busasshiyar ƙasa yana jiran sama. Wani kuma sai ruwa ya sauka sannan ka gan shi gida-gida yana neman aron iri. To na ƙarshen nan, "the first rain caught him napping". A nan laifi ya tabbata, domin damina ba baƙuwa ba ce, duk shekara sai ta zo. Babban wansa shi ne "asleep at the wheel", barci a kan sitiyari. Shi ana faɗinsa ne ga wanda aka ɗora wa alhakin wasu, kamar shugaba ko mai kula, ya yi sake har ɓarna ta auku. Kalma ce mai zafi, a jarida aka fi ganinta.

"Drop the ball" kuma daga filin wasa ya fito, Amurkawa suka fi amfani da shi. An jefo maka ƙwallo, kowa ya dogara da kai, ka sake ta. An ba ka kuɗin ƙungiya ka biya wa ƙannenka rajistar jarabawa, ka manta har aka rufe. "I dropped the ball." Abin sha'awa game da wannan, in kai ka faɗa a kan kanka, Bature yana ɗaukarsa a matsayin dattako: na amsa laifina, ba kwana-kwana. In ka faɗa a kan wani kuwa, tuhuma ce kai tsaye.

Akwai "go off half-cocked", 'yan Ingila kuma su ce "go off at half cock". Asalinsa tsofaffin bindigogi ne, 'yan uwan irin na maharbanmu. Kunamar bindigar tana da matsayi biyu: a ja ta rabi, wato ba a shirya harbi ba, ko a ja ta duka. Bindigar da ta tashi kunama tana rabi, ta tashi kafin lokacinta. Haka mutumin da ya ji ƙarshen zance, bai bincika ba, ya garzaya Facebook ya zazzage wa mutane ashar, daga baya a ce masa ai labarin ƙarya ne. Mu muka ce sauri ya haifi nawa.

Na ƙarshe a wannan kashin, "at the eleventh hour". Ba ƙarfe sha ɗaya na agogonka ake nufi ba. Ya fito ne daga wani misali a Linjilar Matta, sura ta 20, na mai gonar inabi da ya yi ta ɗaukar 'yan ƙwadago tun safe, har ya ɗauki wasu a sa'a ta sha ɗaya. A lissafin lokacin, wuni sa'a 12 ne daga fitowar rana, ka ga sa'a ta sha ɗaya ta kama wajen biyar na yamma kenan, saura ƙiris a tashi. Ma'anarsa a ƙurarren lokaci. Masu shirin JAMB, da ku nake. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, amma duk shekara sai ka ga layi a wurin yin katin ɗan ƙasa ana saura kwana biyu a rufe. Mai kwarmin ido dai da wuri yake fara kuka.

Akwai wani guda da za ku ji a fina-finai, wanda ya ambaci wando. Ma'anarsa an ritsa mutum ba shiri cikin abin kunya. Ku gane shi in kun ji, amma ba na gaban manya ba ne, ba na takardar jarabawa ba ne.

Kashi na uku: hannu, ƙafa da baki

"All thumbs." 'Yan Ingila kan ce "all fingers and thumbs". Ka ƙaddara duk yatsunka goma manyan yatsu ne, sannan a ce ka zura zare a allura. Minjibir an san ta da saƙa tun kaka da kakanni. Wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi ya ga yadda ƙoshiya ke kai da komo a hannunsa kamar ba taɓa ta yake ba. To kai da ba ka iya ba, zauna a wurin ka gwada, ka ga yadda zare zai harɗe. A nan za ka ce, "I'm all thumbs." Ku lura, "I am" ake cewa, ba "I have" ba. Kuma aikin hannu kawai ya shafa: ɗinki, ɗaure-ɗaure, gyaran waya. Raha ce mutum ke yi wa kansa, ba ta da zafi.

"Butterfingers." Yatsun man shanu, wato mai sakin hannu, komai ya riƙe sai ya sulluɓe. Tsohuwar kalma ce, marubucin nan na Ingila Charles Dickens ya yi amfani da ita a littafinsa The Pickwick Papers, wanda ya fara fitowa a 1836, a wurin wasan kurket. Masu tsaron gida ne suka fi shan wannan suna. Kun tuna wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2018 a birnin Kiev, Real Madrid ta ci Liverpool 3 da 1? Golan Liverpool, Loris Karius, ya jefa ƙwallo ta bugi ƙafar Benzema ta shiga raga, daga baya kuma bugun Bale na nesa ya suɓuce daga hannunsa. Duniya ta yi masa ca. Bayan 'yan kwanaki likitoci a Amurka suka duba shi suka ce ya samu buguwa a ka a cikin wasan. Ka ga kafin ka laƙaba wa mutum suna, ka san abin da ke damunsa. Tsokana ce ta sa'o'i. Ƙanenka ya saki kwano, ka ce masa "butterfingers", lafiya lau. Yayanka ko malaminka, rufa wa kanka asiri.

"Two left feet." Ƙafar hagu biyu. An fi faɗinsa ga wanda bai iya rawa ba, kiɗa na gabas shi yana yamma, sai kuma mai yawan tuntuɓe. Shi kuma "have" yake ɗauka: "I have two left feet." Ba ruwansa da bahago, kada wani ya ji haushi.

"A bull in a china shop." Bijimi a shagon tangaran. "China" a nan ba ƙasar Sin ake nufi ba, kwanukan tangaran ne, sun samu sunan saboda daga can aka fara kai su Turai. Ana faɗinsa ga mai garaje a wurin da ke son lallami. An aike shi sasanta rikicin iyakar gona tsakanin 'yan uwa, ya je ya tono maganar gadon da aka binne shekara ashirin. Wannan yana da nauyi, domin hali yake suka, ba hannu ba. Wani abin dariya, a 2007 wani shirin talabijin na Amurka mai suna MythBusters ya gwada abin da gaske. Suka jera kantoci da tangaran suka sako bijimai, sai ga shi dabbobin suna ta kauce wa kantocin. Ni ban yi mamaki ba. Duk wanda ya ga shanun huɗa suna bin kwarin kunya a gona, su kai ƙarshe su juyo, ya san an ɗora wa sa laifin da ba nasa ba.

Sai baki. "Put your foot in your mouth", ko a Ingila "put your foot in it". Wannan ita ce katoɓara. Ka haɗu da abokinka ka ce, "Ina amarya?" ashe auren ya mutu tun watan jiya. Ba da mugunta ka yi ba, amma magana zarar bunu ce. Za ka ce, "I really put my foot in it." Abin da na yi a ɗakin intabiyun nan kenan.

To, ina amfanin duk wannan?

Na farko, jarabawa. A JAMB, Turanci dole ne ga kowa, kuma shi ke da tambaya 60 cikin 180. WAEC da NECO ma suna kawo jimla mai salon magana su ce ka zaɓi fassarar da ta fi dacewa. Dabarar masu tambaya kusan ɗaya ce: cikin zaɓin za su sa wanda ya bi kalmomin tiryan-tiryan. In jimla ta ce wani "has two left feet", za ka ga zaɓin da ke maganar ciwon ƙafa. Shi ne tarkon, ka fara soke shi.

Na biyu, ba a taɓa kalmomin. Ba a cewa "a cow in a plate shop", ba a cewa "all toes", ba a cewa "at the tenth hour". Kamar dai wani ɗan koyon Hausa ya ce maka "ba a fafe tulu ranar tafiya". Ka gane nufinsa, amma sai ka yi dariya.

Na uku, kuma shi ne babba, ka auna kafin ka jefa. Tambayi kanka abu biyu: a kan wa nake faɗa, kuma a gaban wa? A kan kanka, kusan duka suna wucewa, wasu ma su ƙara maka kwarjini. A kan na gaba da kai, kusan duka rashin kunya ne, ko da Turancin ya fita daidai. Tarbiyyar da ta hana ka ce wa kawunka "mai garaje" da Hausa, ita ce dai za ta hana ka da Turanci.

In kuma aka jefo maka wanda ba ka sani ba, kada ka yi irin tawa. Ka ce, "Sorry, what do you mean by that?" Tambaya ba ta rage kowa. Amsa "yes" ga abin da ba ka ji ba ita ce ke kunyata mutum.

Da na koma gida daren nan, na tarar da Baba a ƙofar gida kan tabarma. Na ba shi labari, na ƙara da cewa ai ruwan nan ne ya shammace ni. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ruwa dai ya zo ba sallama, gaskiya ne. Amma su mutanen birnin, ba sati biyu suka ba ka ba?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "To kada ka ɗora wa ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Baba bai san kalmar Turanci ko ɗaya ba, amma a zama ɗaya ya raba mini "caught off guard" da "caught napping".

Ga aikin gida. Ɗalibi ya san ranar jarabawa tun wata uku, bai karanta ba, ya shiga ya yi ta zuba abin da ya zo kansa. Wanne ya fi dacewa da shi cikin waɗanda muka yi yau, kuma me ya sa? Ku haɗa jimla ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa, ku turo. Wanda ya taɓa yin katoɓara irin tawa kuma ya daure ya ba mu labari, kada a bar ni ni kaɗai.